Zuwa ga Kawu Isufu, wanda na mayar mai kifi

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa irin ta 'ya ga uba, Kawu, ni ce Hadiza 'yar yayarka, daga ɗakin nan namu na unguwar Hor Al Anz a Dubai. Yau shekara guda da aka kai ka makwancinka. Na bar wasiƙar nan a fili saboda ƙaryar da na yi a kanka ma a fili na yi ta.

Ka bar Damagaram kana saurayi, aka tura ka Faransa karatu, can ka haɗu da zamiyar ƙanƙara, ba ka sake rabuwa da ita ba. Ka ce min sau ɗaya ka aika hoto gida, kakanmu ya mayar da amsa cewa karatu aka tura ka, ba wasan yara ba. Daga nan ka ja bakinka a kan zancen zamiyar, ka yi shiru shekara arba'in.

Da na zo Dubai aiki a 2016 na tarar kana koyar da zamiya a dutsen ƙanƙarar nan da aka gina cikin babban kanti. Ranar farko na tsaya a bayan gilashi ina kallo. Dattijo da furfura, alhaji guda, yana gangarowa a kan alluna biyu, yara na binsa a layi kamar 'yan tsaki. Wallahi kunya na ji, har na waiga ko akwai Bahaushe kusa.

Shi ya sa da Umma ta tambaye ni a waya wane aiki ƙanenta yake yi, na ce a gidan sanyi kake, inda ake ajiye kifi. Na ga ai ko banza sanyin gaskiya ne.

Ranar da ta ce ka riƙa wanke hannu da lemon tsami saboda ƙarni, ina zaune. Ka dube ni, ka ce mata, "To Yaya, in sha Allah." Da ka ajiye wayar abin da ka ce kawai shi ne, "Khalas, shi ke nan, Hadiza ta ba ni sana'a." Ba ka taɓa tona ni ba.

Ina tuna asabar ɗinka. Ka shimfiɗa allunan a kan kujeru biyu, ka narka musu kaki da dutsen gugana, har ka lalata min guda biyu. In na yi mita ka ce abin da ke ɗaukarka ba a yi masa rowa. Kullum sai ka ce, "Yalla, zo ki gwada sau ɗaya, doucement, a hankali." Kullum ina da uzuri. Ban taɓa taka ƙanƙarar nan ba kana raye.

Da aka rufe gari lokacin korona, na ga yadda ka koma. Ka sa takalman zamiya a falo, kana lanƙwasa gwiwa kana miƙewa, wai kada ƙafa ta manta. Kafin ka koma bakin aiki ciwon zuciya ya kwantar da kai.

Bayan rasuwarka ɗalibanka suka yi ta turo min bidiyo, Larabawa, Indiyawa, har wata tsohuwa da ka koya wa tana da jikoki. A duk ciki dariya kake yi. Ita kuwa Umma kullum kuka, tana cewa ɗan'uwanta ya ƙare rayuwarsa cikin ƙarnin kifi a ƙasar mutane, bai ɗanɗani daɗin duniya ba. Kukan nan ni na saya mata shi, Kawu, kuma na kasa buɗe baki wata goma sha ɗaya.

Makon jiya na tura mata bidiyo ɗaya, na kira ta, na faɗa mata komai. Ta ce tun kana yaro haka kake gangarowa daga tudun yashin bayan gidanku a kan farantin Innarku, har ka lotsa shi, ita ce ta sha duka a madadinka. Na ɗauka na tsira, har na fara dariya.

Sai ta ce, "Hadiza, shekara huɗu ina roƙon Allah ya raba shi da aikin nan."

Nan take na daina dariyar.

Ita ta yafe min, ta ce in turo sauran bidiyon duka. Kai ne ban nemi yafiyarka ba kana ji. Ka yafe min, Kawuna. Na so ka, amma na ji kunyar abin da ya fi faranta maka rai, kuma ka sani, ka ci gaba da kirana 'yarka.

Allah ya jiƙanka, ya yafe maka kurakuranka, ya yalwata maka kabarinka, ya sanyaya maka shi. Allah ya haɗa ka da iyayenka cikin rahamarsa, ya ba Umma haƙuri.

Taka har kullum,
Hadiza