Waiwayen Umma

Litinin, 3 ga Maris
Gidan wasa sun ba ni aikin sake shirya rawar kujera, wadda marigayiya Umma take yi ita kaɗai tun ina ƙarama. Wai tunda ni ce 'yarta. Na karɓa don aiki ne. Abin da ya rage na rawar tsohon kaset ne guda, hoton duk ya dushe.

Laraba, 5 ga Maris
Yarinyar da za ta yi rawar, Siririya muke ce mata, tana da kai. Na gaya mata ƙa'idata: abin da ke kaset shi za a yi, ba ragi ba ƙari. Ta tambaye ni wace irin mace ce Umma. Na ce gwana ce. A kan dandamali dai. Ni Inna, ƙanwarta, ce ta raine ni. Umma kullum tana hanya da jakarta.

Asabar, 8 ga Maris
A tsakiyar rawar Umma tana ajiye kujera, ta waiwaya dama, ta ɗan ɗaga hannu, sannan ta ci gaba. Siririya da yanga take yin wurin. Na sa ta maimaita har ta fara hararata.

Talata, 11 ga Maris
Inna ta zo kallon gwaji. Da aka zo waiwayen sai ta fashe da dariya, har da riƙe ciki.

"Ke 'yar nan, ai wannan ba rawa ba ce! Ke ce a cinyata bayan labule, zazzaɓi ya rufe ki, kina ta tsala ihu. Shi ne take miki alama ki yi shiru, tana zuwa. Ran nan kaɗai ta yi shi."

Ban tuna ba. Na ce a ci gaba.

Laraba, 12 ga Maris
Darakta ya ce to a cire, tunda ba ya cikin rawar. Gaskiyarsa. Na ce zan duba.

Na sake kallon kaset ɗin a ofis. Ashe bakinta ma yana motsi.

Asabar, 15 ga Maris
An yi wasan da yamma, zauren ya cika. Ban cire ba. Lokaci ya ƙure, kar in rikita yarinya. An ajiye mini wuri a sahun gaba, amma na tsaya bayan labule, ta dama. Daga can an fi ganin fitilu.

Siririya ta ajiye kujera, ta waiwayo, ta ɗaga hannu.

Na yi shiru, na jira.