Hancin Mahaifinki

Ku masu karanta wannan a shafina, ku sani da 'yata nake magana, ba da ku ba. Na rubuta a fili ne tunda ta daina ɗaukar wayata, amma na san tana leƙowa nan. Duk wanda ya zo ƙasan rubutun nan ya yi mata dariya ko ya kafa mata wa'azi, zan goge maganarsa, in kuma na san gidansu zan je har wurin uwarsa. Faɗan 'yata nawa ne, ban ba kowa aro ba.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Zuwa ga 'yata Ummi a Abuja. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya. Ya aiki, ya zaman garin mutane? Mu nan Haɗejia sai godiya. Ruwa ya ja baya, an shiga yankan shinkafa a fadama.

Ƙanwarki Zulai ce ta gaya mini, bayan na matsa mata, cewa kina shirin komawa a sake yi miki aikin hanci. Na farkon ma ba ki shawarce ni ba. Cewa kika yi za ki Masar kwas, sai ga hotonki da filasta a fuska. Wannan ba tarbiyyar da na ba ki ba ce, kuma ba zan fasa faɗa ba don kin girma kina ɗaukar albashi.

Zulai ta zayyana mini dalilanki. Ɓarin hagu ya toshe, da baki kike numfashi in kin kwanta, ki tashi da maƙogwaro a bushe. Da kumburi ya sace, kan hancin ya karkata gefe. Sannan in kin tsaya gaban madubi ba kya gane mai kallonki, domin hancin ya yi siriri, ya ƙi zama da kumatunki da leɓenki. Ta ce likita bai ɓoye miki ba: aiki na biyu ya fi na farko wuya, naman ciki ya yi tabo, guringuntsin da aka rage kuma ba ya tsirowa, sai an yanko wani daga kunne ko haƙarƙari a yi ciko.

To, ki saurare ni. Maganar numfashi magani ce, ban hana ki neman magani ba. Amma maganar madubi rami ce marar ƙasa. Wadda aikin Mahalicci bai gamsar da ita ba, aikin likita ba zai ƙosar da ita ba. Yau karkata kika gani, gobe za ki ga tudu, jibi ki ga ƙofar hanci ɗaya ta fi ɗaya. Ki raba biyun nan a zuciyarki kafin ki kwanta a yanka ki, ki san wanne kike bi.

Hancin da kika kai aka rage, na mahaifinki ne, Allah Ya jiƙansa. Mai faɗi, zaunanne, irin na mutanensu na Kirikasamma. Kina ƙarama, in ya dawo daga kasuwar kifi, kan cinyarsa kike hawa ki manna fuskarki a tasa, rigarsa duk warin hayaƙin banda. Maƙwabta na wucewa suna cewa ko makaho ya shafa ya san 'yar wane ce.

In an tsokane shi a kan hancin, amsarsa ɗaya ce: "Tunda yana shaƙar iska, ya gama aikinsa."

Dangina na Miga su ne masu dogon hanci, gadon Fulani. Duk Sallah in sun zo, taubasanki sai sun kewaye ki suna tambayar wa ya zauna miki a fuska. Kina taya su dariya, daga nan ki shige ɗaki ki daɗe. Na sha tsawata musu, a ce mini ai wasan taubasai ne, ba a fushi da shi. Su sun manta tuni. Ke kika tafi da shi har Masar.

Bayan rasuwarsa, in kina dariya hancin nan ya buɗe irin nasa, nakan bar abin da nake yi in saci kallonki ta ƙofar madafa. Uwa ba ta ƙura wa 'yarta ido a gaban mutane, shi ya sa ba ki taɓa kama ni ba. Hotunansa biyu ne a gidan nan, duk sun koɗe. Ke ce hoton da ke motsi.

Watan jiya na aika miki bandar tarwaɗa da daddawa a motar haya. Direban ya kira ni yana mitar fasinjojinsa sun hana shi sakat da ƙorafin wari tun daga Jahun. Ke kuma kika turo wa Zulai saƙo, wai a gode mini, amma kifin bana ba shi da ƙamshi. Ummi, kifin nan yana da ƙamshi. Ranar ban iya cin tuwo ba.

Sallah biyu ke nan ba ki zo gida ba. In kin kira Zulai a bidiyo, silin ɗin ɗakinki take gani. Kin ce mata za ki zo in an gyara. Idan na biyun ma bai yi miki ba fa? In zauna jiran na uku? Ni ba yarinya ba ce, gwiwoyina sun fara gaya mini gaskiya.

Matar yayanki Auwalu ta sauka, an samu mace. Goggo Hajara ta zo daga Miga don wankan jego. Jiya da safe, bayan ta yi wa jaririyar wanka, ta lakato man shanu, ta gasa yatsunta a garwashi kamar yadda aka saba, ta kama hancin yarinyar tana ja. Tana ja tana cewa, "A miƙe shi tun yana ɗanye, kar ta kwaso na kakanta." Na riƙe mata hannu. Yayar mahaifina ce, ban taɓa yi mata musu ba sai jiya. Ta yi fushi, har yanzu ba ta amsa gaisuwata ba.

Yarinyar ta kwaso shi, Ummi. Sak. Ki zo ki gani.

Ki zo kafin su yi arba'in, kafin ki sa ranar aiki. Ki zo da hancin da kike da shi yanzu, karkatacce ko miƙaƙƙe, ba wanda zai tambaye ki komai. Ɗakinki na nan, na sa an yi masa sabon daɓe bayan damina. Idan kin huta muka zauna, kika ce mini don numfashi za ki koma, ni zan raka ki. Ban taɓa hawa jirgi ba, amma zan hau, in zauna a bakin gadonki har ki farka.

Allah Ya buɗe miki numfashinki, Ya sanyaya miki zuciya, Ya sa ki kalli fuskarki ki yi hamdala. Allah Ya jiƙan mahaifinki, Ya kawo mini ke ina da rai.

Ni ce mahaifiyarki, daga gidanku a Haɗejia. Kuma ga dokar da na kafa, na tara kowa a tsakar gida na faɗa, har da Goggo: daga yau ba a jan hancin jariri a gidan nan, ba a wasa da halittar kowa, taubashi ne ko kaka. Wanda bakinsa ba zai iya ba, ya yi gaisuwarsa daga zaure ya koma.