Na shimfiɗa wa Gwaggo tabarma inda ake yoyo

Assalamu alaikum jama'ar wannan shafi. Don Allah a sakaya sunana, kuma kafin a fara yi mini wa'azi a karanta har ƙarshe, domin duk abin da za ku faɗa na riga na faɗa wa kaina, bai shiga ba.

Ina cikin matan da ke kula da masaukin gaggawa da ƙungiyar unguwarmu ta buɗe a wata makarantar Islamiyya wajen Ƙofar Jatau, saboda mutanen da ruwan bana ya rushe wa gidaje. Ni nake raba wa mata wurin kwana. Rannan aka shigo da wata tsohuwa, zanenta duk taɓo, tana lalube don yanar ido ta rufe mata gani. Tun kafin ta zauna na gane muryar. Gwaggo ce, yayar mahaifina, matar da ta kori mahaifiyata daga gidan babanmu tana cikin takaba, ko arba'in ba a yi ba. Wa ya taɓa jin an fitar da mai takaba? Ina ƙarama, amma ban manta yadda ta riƙa watso kwanonin Inna zaure ba tana cewa, "Mace ɗaya tal kika haifa, gida na masu gida ne." Mun kwana a zauren mutane, mun kwana a ɗakin ajiye gawayi, kafin wata baiwar Allah a Gyallesu ta ba mu wurin raɓawa. A kan buhu Inna ta ƙarasa takabarta, kuma tarin da ta ɗauka a lokacin bai rabu da ita ba har ta koma ga Allah.

Gidan nan shi ne ya faɗi. Ɗan Gwaggo ya ga yaɓen da ake yi duk shekara ƙauyanci ne, ya sa aka lafta wa ginin ƙasa siminti, ruwa ya riƙa shiga ta ciki yana cin katanga ba wanda ya gani, har ta zube. Da na ji labarin, wallahi daɗi na ji. Ba zan yi muku ƙarya ba.

Ba ta gane ni ba, kowa a wurin Malama yake kirana. Akwai busasshen wuri a ajin farko, amma na ja ta zuwa ajin ƙarshe, na shimfiɗa mata tabarma daidai inda kwano ke yoyo. Da safe ta ce, "'Yar nan, ruwa na ɗiga mini." Na ce, "Sai haƙuri Iya, ko'ina haka yake." Ta sa mini albarka. Yanzu ta fara tari, kuma idan na ji shi daga baranda sai in tsaya in saurara.

Ban tsaya nan ba. Hutu ya ƙare, ranar Asabar ɗalibai za su dawo, kowa zai tashi. Wani Alhaji ya ba da ɗakuna a gidansa don tsofaffin da ba su da kowa. Shugaban ƙungiya ya tambaye ni, "Malama, tsohuwar ajin ƙarshe fa?" Na ce tana da ɗa, zai zo ya ɗauke ta. Alhali na san ya kwashi iyalinsa ya yi Kaduna, ya kashe waya. Saura ɗaki ɗaya, kuma kalma ɗaya daga bakina ta isa a ba ta. In na yi shiru, titi za ta kwana. Ina jin kunyar kaina, musamman idan aka yabe ni wai ina da tausayi. To amma wa ya tausaya wa Inna?

Jiya na kai mata koko, ta riƙe mini hannu ta ce, "Ki taimake ni 'yar nan. Ƙanena ya bar 'ya mace, an ce tana cikin garin nan. Ki nemo mini ita." Na ɗauka gafara za ta nema, kuma Allah ne shaidata, da ta nema da na yafe. Na ce, "Iya, in an same ta me za ki ce mata?"

Ta ce, "Me kuwa zan ce? Jinina ce, dole ta riƙe ni. Uwarta ce dai ba ta da kirki."

Na zare hannuna na fita. Yau Alhamis, shugaba yana jiran in tabbatar masa zancen ɗan nata gobe bayan Juma'a kafin ya ba da ɗakin da ya rage, ni kuwa har yanzu ban ji zuciyata ta yi sanyi ba. Me zan yi?