Takardun da Suka Shaƙe Fankar Mota

Zuwa ga Babana,

Bayan gaisuwa mai yawa, da addu'ar Allah Ya sanyaya makwancinka. Na san ba za ka karanta wannan takarda ba, ko da kana raye ma ai ni ce mai karanta maka boko. Amma akwai maganar da ban taɓa gaya wa kowa ba. Baba, ni na kashe fankar motar nan.

Ka tuna kafin azumi, da nake kai maka abincin rana garejin Baffa Sule a bayan Ƙofar Nassarawa, inda kake ajiye motar ubangidanka Alhaji don ba ta shiga lungunmu? Idan kuka zauna cin abinci da ƙanen naka, sai in shige kujerar gaba in rufe ƙofa. Kai kana cewa kunyar mutane ce. Har da ita, amma akwai wani abu. Littattafan labarin soyayya da muke ara a makaranta sun shiga kaina, har na fara rubuta nawa, na wata yarinya da aka zo ɗauka a baƙar mota mai ƙyalli. Falle shida na yago daga littafin aikina. A gida ba ni da wurin ɓoyo, ka san Inna da binciken akwati.

Ranar nan ina cikin rubutu na hango ka kana tahowa kana goge hannu. Na ruɗe. Na dunƙule takardun na cusa su a wani rami da ke ƙarƙashin allon gaba, wajen ƙafar fasinja, da niyyar in ɗauka gobe. Kana zama ka tayar da mota ka murɗa makunnin fanka. Ta yi wata ƙara kamar ana sheƙa hatsi, ta yi gurnani, ta yi shiru. Ka sa tafin hannu a bakin ramin iskar, ba ko numfashi.

Kwana uku kuna fama da ita. Baffa ya zare fis ya ɗaga wa rana, lafiya lau. Ya goge kan batir, ya bi waya ɗaya bayan ɗaya yana ƙyasta ta a jikin ƙarfe don ya ga wuta. Ya canja makunni. Kana ta tsokanarsa wai makanikin da fanka ta kayar, gara ya koma gyaran keke, shi kuma yana cewa direban da ba ya iya tafiya sai da fifita ai amarya ce. Ina tsaye riƙe da kwanon abinci ina jin ku. Me ya hana ni buɗe baki? Tsoron duka? Ai ba ka taɓa duka na ba. Kunya ce kawai, kada ku warware takardun Baffa ya sa a karanta, a yi mini dariya.

Daga ƙarshe Baffa ya ce sai an kwance allon gaba gaba ɗaya, aikin kwana biyu ne, ka je ka dawo tukuna. Ka ɗauki farin yadin Alhaji zuwa Haɗejia, da azumi a bakinka, a tsakiyar bazara, gilasai a rufe don kada jar ƙurar hanya ta ɓata kayan. Waɗanda suka tsinci motar a kwari sun ce ba alamar ka taka birki. Suma ka yi, Baba? Ko gyangyaɗi? Da iska tana busowa, da ka iso? Ba wanda ya sani sai Allah. Malamai sun ce kwana ne ya ƙare, na kuma yarda. Amma hannuna ne ya cusa takardun.

Labarin gida kuwa, Inna ta fita takaba. Tunkiyarka ta haifi biyu, ɗaya bai yi rai ba. Hularka tana nan a ƙusa, ba mai taɓa ta. Sai dai Inna ta daina amsa gaisuwar Baffa. Ta ce shi ya ce ka tafi, shi ya tura ɗan'uwansa cikin tanda. Maganar ta zaga unguwar Zaitawa har Sheshe, masu motoci sun fara janyewa daga wurinsa. Bai taɓa musawa ba. Ya rame, Baba, rigarsa kamar ta aro.

Baffa ne ya sa aka jawo gawar motar zuwa gareji. Shekaranjiya ya tare ni a hanyar makaranta, ya buɗe tafinsa. Guntayen takarda ne, sun yi baƙi da hayaƙi, ya ce a naɗe ya same su a jikin fukafukan fankar. Ya ce in duba masa, tunda ni ce 'yar boko, ko takardar masu ƙera mota ce da ya kamata ya cire tun farko bai sani ba. Na ga rubutuna. Na ga sunan yarinyar labarin. Na ce masa e, ta masu mota ce. Ya gyaɗa kai, ya ce ashe dai sakacinsa ne, ya yi mini godiya ya sa mini albarka.

Wannan albarkar ce ta hana ni sakat. Laifina na farko kuskure ne, wannan ƙaryar fa? Da wane ido zan kalle ka ranar da za mu haɗu?

Da na fara rubutun nan, niyyata in gama in jefa a murhu. Na fasa. Gobe da hantsi zan kai wa Baffa. Ka san bai iya boko ba, don haka da bakina zan karanta masa, tun daga gaisuwa har sunana. In ya iya kallona bayan nan, zan roƙe shi ya rako ni wurin Inna in sake karantawa.

Ka yafe mini. Allah Ya jiƙan ka, Ya ba ka inuwa mai sanyi.

Ni ce 'yarka Rabi, wadda kake kira Iyata.