Silinda Takwas da Bazazzage Ɗaya

Juma'a, 4 ga Oktoba, 2024

Ana sanar da 'yan uwa da abokan arziki cewa yau bayan La'asar, kusa da kasuwar Dira a nan Riyad, injin motata ya cika yana da shekara hamsin da huɗu. Ya bar silinda takwas, da mai shi guda ɗaya, da dogon layin motoci a baya suna ta hon. An yafe zuwa gaisuwa.

Ni da abokina Isma'il muka tura ta gefen titi. Yana turi yana haki yana cewa, "Bakano, ka ce min 'yar Amurka ce, ashe a Kurmi aka haɗa maka." Na ce mutumin Zariya ya fara sanin keke tukuna.

Nafiou, bakaniken nan ɗan Maraɗi da ke unguwar masu gyara, ya zaro sandar baƙin mai, ya murza a yatsa, ya nuna min garin ƙarfe yana ƙyalli. "Ya buga, Malam. Ka ba ni sati biyu." Na ƙi. Da hannuna zan farfaɗo da shi, bisa littafi, ko da shekara zan yi.

Shekara tara da sayenta. A takarda dai ta Isma'il ce, don lokacin iƙamata, takardar izinin zama, tana wurin sabuntawa, shi ya ba da sunansa. Ba mu taɓa tunawa mu canza ba.

Asabar, 12 ga Oktoba

Littafin injin ya iso, shafi ɗari huɗu da doriya. Na karanta gabatarwa sau biyu. Marubucin ya fi wasu masu tarihi gaskiya, shi in bai san abu ba lamba yake bayarwa.

Mun sauke injin a garejin gidana a unguwar Suwaidi. Kowane noti da kofinsa, kowane kofi da suna. Matata Bashira ta zo neman kofunan shayinta, ta tsaya ta dube mu, ta koma.

Isma'il ya tambaye ni sau biyu, wai wata nawa aikin zai ɗauka. Mutumin da ko sifana bai iya riƙewa daidai ba.

Talata, 22 ga Oktoba

Fistin na biyar ne. Ya narke a gefe kamar alewa.

Asabar, 2 ga Nuwamba

Da hantsi ina wanke tof silinda da fetur sai ga babbar motar ɗaukar motoci a ƙofar gida. Wani ƙaton mutum ya sauko, ya yi sallama, ya zagaya motata yana ƙwanƙwasa jikinta da makulli, kamar mai zaɓen kankana. Daga tashlih yake, wurin da ake farfasa matattun motoci a sayar da kayansu. Ya ce ƙofofin da fitilun za su yi, sauran ƙarfe ne.

Na ce wa ya aiko shi. Ya duba waya. "Mai motar. Isma'il."

Mai motar.

Na ba shi ruwa ya sha, na raka shi.

Lahadi, 3 ga Nuwamba

Na karanta labaran sarakuna da yawa waɗanda wazirai suka buɗe wa abokan gaba ƙofar gari. Kullum ina ganin wautar sarkin. Yau na ga nawa wazirin, shekara ashirin muna cin shinkafar kabsa a tire ɗaya.

Ya kira sau uku. Ban ɗauka ba.

Juma'a, 8 ga Nuwamba

A masallaci ya matso sahuna. Na amsa sallama don wajibi ce. Da aka idar na tsaya nafila mai tsawon da ban taɓa yin irinta ba. Allah ya gafarta min niyyar.

Laraba, 13 ga Nuwamba

An dawo da karanshaf daga wurin gogewa, sumul. Babu wanda zan nuna wa. Na nuna wa Bashira, ta ce ma sha Allah, tana kallon tukunya.

Juma'a, 15 ga Nuwamba

Bashira ta shirya wai za ta raka Aliya, matar Isma'il, da yaransu filin jirgi. Na ce hutu a tsakiyar zangon makaranta?

Ta ajiye jaka. "Malam, wane hutu? Sun tafi ke nan. Aikinsa ya ƙare tun Satumba. Iƙamarsa za ta mutu biyar ga Disamba."

Ba a ba mutum takardar fita ta ƙarshe in akwai mota a sunansa. Ba a kuma sauya sunan mota sai ta ci fahas, wato gwajin lafiyar mota, kuma ba a kai mota fahas injinta yana cikin kofunan shayi. Duk wannan na san shi. Ni na fassara wa mutane wannan ƙa'ida a ofis ya fi sau ɗari.

Na ce tun yaushe ta sani. Tun Satumba. Nafiou ya sani. Mai shagon nan ɗan Yaman da ke kan kwana ma ya sani, har ya ba yaran kyauta. Duk Riyad ta sani sai ni, wanda ya fi kowa karanta jarida.

To cin amanar ya zama biyu.

Asabar, 16 ga Nuwamba

Na je gidansa don in gaya masa magana. Na shirya ta tun a hanya, har da inda zan numfasa.

Gidan babu komai sai katifa da buta. Yana zaune a ƙasa yana cin biredi da cuku.

Na ce me ya sa bai gaya min ba.

"Na gaya maka. Ranar da muka sauke injin na ce an sallame ni. Ka ce in riƙe sarƙar da kyau."

Na ce ban ji ba.

"Na sake gaya maka ranar fistin. Ka karanta min shafi biyu."

Na ce to mai tashlih fa?

Ya laluba aljihu ya zaro takardar cinikin mai tashlih, duk ta yamutse. Wurin sa hannu babu komai. "Sati biyu tana nan. Tikitina tare da na Aliya yake, na soke. Na ce bari in ga ko Bakanon nan zai gama karatunsa."

In bai fita kafin biyar ga wata ba, ya zama mai zama ba bisa ƙa'ida ba, bayan shekara ashirin da biyu ko tarar hanya bai taɓa ci ba.

Maganar da na shirya ban yi ta ba. Na dai ce biredinsa ya bushe.

Lahadi, 17 ga Nuwamba

Na kira Nafiou. "Ai da na ce sati biyu, Malam." Na ce na ji. "Yanzu kuma sati biyu da kwana biyu, kwana biyun na neman abin da ka ɓata ne."

Ya juye kofunana goma sha tara a bokiti ɗaya. Na kau da kai.

Asabar, 23 ga Nuwamba

An ba ni aiki: miƙo sifana. Isma'il aka ba shafa mai a ringin fistin, wai hannunsa ya fi nawa natsuwa. Littafin yana ƙarƙashin tayar baya, ya hana ta gangarawa.

Har yanzu ina ganin da zai iya rubuto min a takarda. Ya san ni da takarda.

Asabar, 30 ga Nuwamba

Injin ya tashi a murɗawa ta huɗu. Tagogin maƙwabta suka yi rawa, hayaƙi ya cika gareji, Nafiou ya kara kunne yana gyaɗa kai. Isma'il ya buga min kafaɗa ya ce, "Ka ji ta, kamar Bakano a kasuwa."

Na ɗauka zan yi murna. Ina tsaye ina jin ƙarar, sai na tuna abin da take nufi.

Litinin, 2 ga Disamba

Ta ci fahas. Kafin Azahar an sauya suna a waya, minti huɗu. Yanzu tawa ce ta kowace fuska. Takardar fitarsa ta fito da yamma.

Laraba, 4 ga Disamba

Na kai shi filin jirgi a cikinta. Nafiou ya ce kada in wuce sittin, injin sabo ne, na kuwa bi umarninsa fiye da yadda ya nema. Isma'il yana ta duba agogo. "Bakano, so kake in rasa jirgin nan?" Na ce umarnin bakanike ne.

A bakin ƙofa ya ce in na zo gida in biyo Zariya. Na ce sai in hanya ta ɓace min.

Na dawo ni kaɗai, injin bai ko yi tari ba. Kujerarsa tana can baya yadda yake tura ta, ban gyara ba.

Abin da na rubuta a kansa a watan jiya ba haka ba ne. Ni ne ban saurara ba.