Ƙarar bel a kunnen Alhaji

Daren Laraba, unguwar Panyu, Cana.

Yau a kasuwar Guangyuan ina gwada bel ɗin fata, na ninka shi biyu na fizga, ya yi ƙara daidai kunnen Alhaji Sani, sak dorinar malaminmu na allo. Ya zabura, hularsa ta faɗi a gaban ɗan Cana mai shagon.

Muntari ɗan Gana ya ce, "Bulala, Bature flogging yake ce mata. Da can matuƙan jirgin ruwa ake tsula wa. Kai ma ka kusa sha, ɗan nema."

Alhaji ya ɗauki hularsa, ya fice. Kuma a kwantenarsa kayana za su tafi Kano jibi. Na aika masa gaisuwa sau biyu, shiru.

Da ma zane ni ya yi.