Ya ɓata min aure, yanzu ni za a tambaya a kansa

Assalamu alaikum 'yan uwa, admin a sakaya sunana. Don Allah ku ba ni shawara tun kafin in aikata abin da zuciyata ke raya min.

Ni manomin masara ne a Bakori. Bara da damina manya suka shiga maganar aurena da wata 'yar Funtua da nake so kamar raina, saura sa rana kawai, kuma da masarar da ke gona zan yi hidimar biki. Masara na fara goyo ruwa ya ɗauke. Barci ya gagare ni, gabana ya yi ta faɗuwa, abinci ba ya shiga. Na je asibiti a Malumfashi, likita ya ce zuciyata lafiya lau, abin da ke damuna da Turanci anziyati ake ce masa, wato fargaba da ɗoki ne ke haɗuwa su yi wa mutum yawa, har yana min tsiya wai ciwon angwaye ne. Ya ba ni ƙwayoyi na sha, ruwa ya dawo, na warware.

Mutum ɗaya na faɗa wa, abokina tun muna yara, bari in kira shi Sale. Da baffan yarinyar ya zo bincike garinmu sai aka nuna masa Sale, tunda shi ya fi kowa sanina. Wallahi bawan Allahn nan ya ce masa wai ina da ciwon da likita ma sai da Turanci ya iya kiran sunansa, kuma maganin ƙwaƙwalwa nake sha. Aka dawo mana da kayanmu, yarinya ta yi kukanta ta gaji, yanzu tana ɗakin wani. Da na tare Sale, ko kunya babu, wai maganar aure amana ce, kuma shi bai san ma'anar anziyati ba. Ƙarya yake, tun ranar da na faɗa masa zaunar da shi na yi na fassara masa.

To ga shi Allah ya kawo shi hannuna. Yana neman aure a Danja, uban yarinyar ya aiko zai zo wurina ranar kasuwa, don su a saninsu har yanzu ni ne amininsa. Ni kuwa na san Sale ya taɓa shan kodin, ni nake ɗauko shi a babur in ya yi mankas don kar mahaifiyarsa ta gani. Ya daina tuntuni, wannan ba zan yi masa ƙarya ba, amma ban yi niyyar faɗin ya daina ba.

Innata ta ce in bar wa Allah, ni dai raina bai huce ba, so nake shi ma a dawo masa da kaya yana kallo. Jama'a, in dattijon nan ya zauna a zaurena ya ce in faɗa masa tsakanina da Allah, in tsaya a ina?